Aji ɗaya, kaya daban-daban: tarihin ɗalibi a Tamanrasset

A harshenmu, duk mai rawani da takobi daga arewa mukan ce masa Buzu. Amma tun asali kalmar bayin Abzinawa take nufi, ba iyayengijinsu ba. Wannan rikicewar suna ta ɓoye mana abu babba, domin mutanen Ahaggar ba su taɓa zama tsintsiya ɗaya ba. Akwai ihaggaren masu sarauta da raƙuma, akwai kel ulli masu awaki da ke biyan su gaisuwa, akwai iklan, wato bayi, sannan akwai haratin, manoman da suka zo daga Tidikelt a ƙarni na 19 suna noma lambunan da ba nasu ba. Lokacin da Charles de Foucauld ya sauka a nan a 1905, Tamanrasset ƙauyen irin waɗannan manoma ne, 'yan bukkoki a bakin kwari.

Mu kuma ta hanyar gishiri da gero muka haɗu da wannan ƙasa. Ayarin Ahaggar yakan ɗauki gishirin Amadror ya gangara Damargu, ya dawo da gero, da shuni, da takalman fata. Kada kuma mu wanke kanmu fes: ba hatsi kaɗai ya haura arewa ba. Bayi da yawa da suka ƙetare Sahara ta kasuwannin Kano da Damagaram suka bi, kuma fatakenmu na cikin masu cinikin. Saboda haka a unguwa ɗaya ta yau ana iya samun jikan wanda ya sayar da jikan wanda aka sayar, dukansu da Hausa a bakinsu.

Da makarantar boko ta zo, sai ta jirkita lissafi. Manyan Abzinawa sun ɗauke ta tarkon Nasara. A Azbin da ƙasar Mali an san yadda wasu sarakai, in aka matsa musu su kawo yara, suke tura 'ya'yan bayinsu su ɓoye nasu. A Ahaggar ma sai da Faransawa suka buɗe makarantun tafi-da-gidanka a ƙarshen shekarun 1940, malami yana bin rugage a kan raƙumi. Marceau Gast, wanda daga baya ya yi suna wajen nazarin wannan ƙasa, yana cikin waɗannan malamai. Yaran da ke zaune a gari, waɗanda ake yi wa kallon ƙasƙanci, su suka fi kusa da allo. Da Aljeriya ta sami 'yanci a 1962, aka haramta riƙe bayi, gwamnati ta shiga neman masu karatu, sai ga ɗan talaka da alƙalami a ofis, ɗan sarauta yana tsaye a bakin taga. Sai dai alƙalami bai goge tambayar da ake yi ranar neman aure ba: ɗan wane ne?

Daga nan sabon ma'auni ya shigo, wanda ya fi na dā kaifi, wato takarda. Garin ya zama hedikwatar wilaya a 1974, daidai lokacin da fari ya koro jama'a daga Nijar da Mali, ya sake koro wasu a 1984. Unguwanni irin Gat-el-Wad da Tahaggart suka cika. Dokar ƙasa ta ce karatu kyauta ne kuma tilas daga shekara 6 zuwa 16, amma rajista tana neman takardar haihuwa, kuma wanda aka haifa a ruga ko a ɗakin haya, iyayensa na tsoron ofis, ba shi da ita. Har zuwa 2005 ma, zama ɗan ƙasa ta wajen uba ya fi bi. Sai a gyaran dokar wannan shekara uwa 'yar Aljeriya ta sami cikakken ikon bai wa ɗanta ƙasarta, ko da mijinta baƙo ne. Ga shi nan jinsin uwa ya shiga maganar kujerar aji.

Sai harshe. Yaronmu yana shiga aji da Hausa a gida, da Larabcin titi, wani lokaci har da Buzanci, amma a rajistar malami shi mai rauni ne, domin Larabcin littafi ake aunawa, sannan Faransanci, sannan Ingilishi da aka ƙara a firamare a 2022. Tamazight ya zama harshen ƙasa a 2002, na hukuma a 2016, bayan gwagwarmaya mai tsawo, kuma muna taya maƙwabta murna. Hausa kuwa, wadda ake cinikin rabin kasuwa da ita, wadda Nijar ta ɗaga ta zama harshen ƙasa a 2025, a bakin ƙofar makaranta take cire takalmi ta tsaya.

Wata masaniyar shari'a a Amurka, Kimberlé Crenshaw, ta bayyana a 1989 cewa zalunci yakan haɗu a mararraba, ba ya zuwa ɗaya-ɗaya. Mu ba mu jira ta ba kafin mu gani. Ɗan attajirin da ke da shago da katin ɗan ƙasa zai shiga jami'ar garin nan, mai ɗauke da sunan amenokal Hajj Musa Akhamuk, ko da yake in ya je Aljas, tafiyar kusan kilomita 2,000, baƙar fatarsa za ta sa a tambaye shi daga wace ƙasa ya fito. Ƙanwarsa tana da katin, amma gida na iya tsayar da ita kafin jarrabawar bak. Dukansu biyu kuma, a hanyarsu ta makaranta, suna wuce yarinya mai ƙwaryar bara wadda ke magana da harshen uwarsu.

Galibin irin waɗannan yara daga Kance suke, a jihar Damagaram. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a hanyarsu ta zuwa nan. Tun Disamba 2014 ake tara 'yan'uwansu daga biranen arewa, a sauke su Tamanrasset, a loda su a manyan motoci zuwa In Gezzam da Asamaka. Da yawansu suna tsakanin shekara 6 da 16.