Wasan Mabarata a Unguwar Baƙi

A shekarar 1728 John Gay ya shirya wasan kwaikwayo mai waƙoƙi a kan ɓarayi da mabaratan Landan. Bayan shekara 200 Bertolt Brecht ya sabunta shi a Jamus. A 1977 kuma Wole Soyinka ya mai da labarin unguwar baƙi 'yan Nijeriya a Bangui, zamanin Bokassa, ya raɗa masa suna Opera Wonyosi, wato sunan wani leshi mai tsada, domin attajiran zamanin kuɗin mai su gane kansu. Mazauna zangon Nima da Maamobi a Accra sun san irin wannan unguwa, sun kuma ɗanɗana ɗacin baƙunci lokacin korar baƙi ta 1969. Da a zango aka nuna wasan, ba mai cewa labarin Turawa ne.