Lokacin da Garki ta zama ɗakin gwajin sauro

Da an ce Garki, hankalin 'yan zamani sai ya tafi unguwar nan ta Abuja. Masu binciken zazzaɓin cizon sauro kuwa wata Garkin suka sani: gundumar da take jihar Kano a da, yanzu tana Jigawa. A can aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken cutar da aka taɓa yi a Afirka, daga 1969 zuwa 1976.

A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura aniyar kawar da maleriya da feshin DDT. Abin ya ci a wasu ƙasashe, amma yawancin Afirka kudu da Sahara ba a ma taɓa ta sosai ba, kuma a 1969 aka jingine burin. Tambayar da ta rage ita ce: in an haɗa feshi da magani, an kuma yi aikin tsakani da Allah, za a iya yanke cutar a yanki irin namu? Hukumar da gwamnatin Najeriya suka kai tambayar Garki.

Ba su fara da magani ba, da ƙidaya suka fara. Duk bayan mako 10 ma'aikata kan bi ƙauyuka gida-gida, su soki yatsa, su shafa jinin a gilashi, a duba shi a madubin likita. Da dare wasu su zauna da ƙafafu a buɗe suna kama sauron da ya sauka a jikinsu, aikin da sunayen masu yinsa ba su cika fitowa a rahoto ba. Sai a 1972 aka soma feshin maganin sauro na propoxur a bangon ɗakuna a ƙauyuka 164, a wasunsu kuma aka raba magungunan sulfalene da pyrimethamine ga jama'a, wasu duk mako 10, wasu duk mako 2 da damina.

Ƙwayar cutar ta ragu ƙwarai a jinin mutane, musamman inda aka fi yawaita magani. Amma ba ta yanke ba. Da aka dakatar da aikin bayan daminar 1973, a hankali ta dawo gidan jiya.

Laifin har da wayon sauron. Wani ɓangare nasa yakan ciji mutum ya fice waje ya huta, bai taɓa bangon da aka fesa ba. Masanin ƙwari ɗan Italiya, Mario Coluzzi, ya duba ƙwayoyin gadon sauron yankin, ya nuna cewa abin da ido ke gani iri ɗaya, halinsa ya rabu. Daga alƙaluman Garki ne kuma masu bincike Dietz da Molineaux da Thomas suka fitar da lissafin yaɗuwar cutar a 1974, sannan a 1980 Molineaux da Gramiccia suka wallafa cikakken rahoton, wanda masu bincike ke komawa gare shi har yau.

Masu kiran aikin asara sun yi gaggawa. Rabon magani da damina bai kashe cutar ba, amma ya kare mutane a lokacin da ta fi ƙamari. A 2012 Hukumar ta amince a riƙa bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin kariya wata-wata da damina a yankin Sahel, shi ne wanda ake bi gida-gida da shi yanzu a arewacin Najeriya da Nijar. A Disamban 2024 kuma Najeriya ta fara allurar rigakafin maleriya ta R21, daga jihohin Kebbi da Bayelsa.