Wazawai: Masifar da Japanawa Suke Neman Mai Laifinta

Da yawa daga masu nazarin al'adun Japan sukan ce mutanen ƙasar sun saba rungumar ƙaddara, suna kafa hujja da yadda suke yawan faɗin "shikata ga nai", wato babu yadda za a yi. Amma duk wanda ya bi diddigin kalmar wazawai, wadda ke nufin masifa ko bala'i, zai ga wannan hukunci bai kama ƙasa ba. Ana rubuta ta da harafin 災, mai siffar wuta a ƙasa da alamar kogi a sama, kuma idan ya shiga haɗaɗɗiyar kalma ana furta shi "sai". Daga nan harshen ya raba masifa gida biyu: tensai, wadda ta sauko daga sama, da jinsai, wadda hannun ɗan Adam ya jawo.

Wannan rabon yana da nauyi a siyasa. Bayan girgizar ƙasa da igiyar teku ta 11 ga Maris 2011 sun lalata tashar nukiliya ta Fukushima, kwamitin binciken da majalisar dokoki ta kafa ƙarƙashin Kiyoshi Kurokawa ya bayyana a Yulin 2012 cewa abin da ya faru jinsai ne. Da kalma ɗaya aka ɗauke laifi daga kan teku aka ɗora wa kamfanin wutar, hukumomin sa ido da gwamnati. Al'ummar da ta sallama wa ƙaddara ba ta tsayawa irin wannan bincike.

Mai ja zai kawo yakudoshi, shekarun da ake ɗauka na tsautsayi ne, musamman 42 ga namiji, 33 ga mace, ya ce ga camfi nan a fili. Gaskiya ne, camfi ne, amma ko a nan mutum ba ya naɗe hannu. Wurin ibada yake zuwa a yi masa yakubarai don kore sharrin. Tunanin ɗaya ne da na bōsai, rigakafin bala'i, kalmar da ita ma ke ɗauke da harafin 災. Tun 1960, kowace 1 ga Satumba makarantu da ma'aikatu ke atisayen tsira, don tunawa da girgizar Kanto ta 1923 da ta kashe fiye da mutum 100,000.