Ina Delta ta tafi? Zare kan yadda nau'o'in korona suka riƙa ture juna

1/ Farkon Disambar 2021 muna zaune a majalisa, rediyo ta ce an samu sabon nau'in korona mai suna Omikron a Najeriya. Kawuna ya ja tsaki ya ce: "To ita Deltar ina ta tafi? In kuɗi ya ƙare musu sai su raɗa sabon suna." Ranar ba ni da amsa. Yau ina da ita. Ku biyo ni 🧵

2/ Ƙwayar cutar ba ta iya hayayyafa sai ta shiga jikin mutum ta riƙa kwafar kanta. Abin da take kwafa kamar rubutu ne mai haruffa kusan 30,000. Duk wanda ya taɓa kwafar darasi daga allo ya san sai an yi kuskure. Ita ma haka.

3/ Yawancin kurakuran ba sa ƙara mata komai, wasu ma nakasa ta suke yi. Amma jefi-jefi sai a dace da wanda ya sa ta fi saurin kama mutum. In irin waɗannan suka taru a jikin ƙwaya ɗaya, shi ne ake cewa an samu sabon nau'i.

4/ To ta yaya sabo ke korar tsoho? Ba faɗa suke yi da juna ba fa. Ku ɗauki tasha: mota biyu, fasinja ɗaya ake jira. Wadda ɗan kamashonta ya fi zafin nama ita ke cika. Fasinjan da ya shiga wannan kuwa ba zai shiga waccan ba.

5/ Mu ne fasinjojin. Wanda sabon nau'i ya kama ya warke, jikinsa ya samu garkuwa na wani lokaci, tsohon nau'in in ya zo sai ya tarar da ƙofa a rufe. A hankali ya rasa wanda zai kama, zuri'arsa ta yanke.

6/ Ga lissafi na misali. A ce masu tsohon nau'i 10 suna harbar mutum 10, masu sabon 10 suna harbar 15. Ko da sabon ya fara da mutum 1 a gaban 1,000, bayan zagaye 17 sun kusa yin kunnen doki. In kowane zagaye kwana 5 ne, kwana 85 kenan. Ko wata uku bai cika ba.

7/ Abin ya faru tun kafin a fara raɗa sunaye. Ƙwayar da aka fara gani a Wuhan a Disambar 2019 ba ita ce ta mamaye duniya ba. Wani ɗan sauyi da ake kira D614G ya ɓulla farkon 2020, zuwa tsakiyar shekarar masu ɗauke da shi sun rinjaye kusan ko'ina. Lokacin muna cikin kulle, ko labari ba mu ji ba.

8/ Sai Alfa. An fara samun ta a yankin Kent na Ingila a Satumbar 2020. An kiyasta ta fi na baya yaɗuwa da kusan kashi 50 cikin 100, wato irin lissafin da na yi a sama. Zuwa farkon 2021 ita ce mai gari a Birtaniya.

9/ Abin da da yawa ba su sani ba: akwai nau'in da aka fara gani a Najeriya da Birtaniya a Disambar 2020, B.1.525, wanda daga baya aka kira Eta. Ta yaɗu sosai a nan farkon 2021. Yau ko sunanta ba a ji. Me ya cinye ta?

10/ Delta. A Indiya aka fara ganin ta ƙarshen 2020. A Mayun 2021 sai da aka riƙa samun sama da mutum 400,000 a rana ɗaya a can, asibitoci suka rasa iskar oksijin. A Yuni ta ture Alfa a Birtaniya, a Yuli ta rinjaye a Amurka, a watan ne kuma hukumar NCDC ta tabbatar da ita a Najeriya.

11/ A nan zan tsaya kan wata magana da ake yawan yi, wai cuta kullum laushi take ƙarawa. Wallahi ba doka ba ce. Bincike a Birtaniya ya nuna haɗarin kwanciya asibiti da Delta ya kai kusan ninki biyu na Alfa. Wadda ta fi yaɗuwa ke cin gasar, ko mai sauƙi ce ko mai tsanani.

12/ Ƙarshen 2021 dubban miliyoyin mutane sun yi rigakafi ko sun kamu sun warke. Fasinja ya yi ƙaranci a tasha. Yanzu sauri kaɗai ba ya isa. Wadda za ta ci riba ita ce mai iya ɗaukar wanda ya riga ya yi tafiya.

13/ Ranar 24 ga Nuwambar 2021 Afirka ta Kudu ta kai rahoto ga Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, bayan masana a can da Botswana sun gano wani baƙon nau'i. Ranar 26 aka sa masa suna Omikron. Ƙayoyin da ƙwayar ke maƙale wa mutum da su sun sauya a wuri sama da 30.

14/ Wato ɓad-da-kama ta yi. Garkuwar jiki ta san fuskar Delta, amma wannan sai ta wuce ta gabanta ba ta shaida ta sosai ba. Don haka take kama har waɗanda suka taɓa yi da masu rigakafi. Cikin 'yan makonni ta ture Delta a Birtaniya da Amurka.

15/ Kar wani ya ce ashe rigakafin banza ne. Bai hana kamuwa kamar da ba, gaskiya ne, amma ya ci gaba da rage kwanciya asibiti da mutuwa. Wannan garkuwar na cikin dalilan da suka sa Omikron ta zo wa mutane da sauƙi.

16/ Abin da ya fi ɓata min rai shi ne sakayyar da aka yi wa masu faɗin gaskiya. Nan take ƙasashe suka rufe wa kudancin Afirka ƙofa. Birtaniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta hana shiga ranar 6 ga Disamba, Saudiyya ma ta dakatar da jiragenmu.

17/ Alhali Holan ta gano Omikron a samfuran da aka ɗauka a ƙasarta tun kafin rahoton Afirka ta Kudu. Ranar 15 ga Disamba Birtaniya ta soke jerin, don cutar ta riga ta cika mata gida. An rufe ƙofa da ɓarawo a ciki. In za a riƙa hukunta mai bayar da rahoto, gobe wa zai yi magana?

18/ Wannan ture-turen ya girmi korona. Murar 1918 zuri'arta ta zauna cikin mutane har 1957, nau'in H2N2 ya kore ta. A 1968 shi ma H3N2 ya kore shi. Shi ya sa ake sabunta allurar mura duk shekara.

19/ Bayan Omikron, 'ya'yanta da jikokinta ne ke ture juna: BA.1, BA.2, BA.5, XBB.1.5, JN.1. Ranar 5 ga Mayun 2023 WHO ta janye matakin gaggawa, amma ƙwayar tana nan tana kwafar kanta. Iya yawan mutanen da ta kama, iya yawan damar da take samu ta dace da sabon kuskure.

20/ Da Sallar da ta wuce na warware wa kawu wannan bayani, har da misalin tasha. Ya yi shiru, can ya ce: "Ashe fasinja ta rasa." Na ce ƙwarai kuwa, kawu. Ya ce to Allah ya kiyaye gaba. Na ce amin.

In kana da irin kawuna a gida, tura masa. Ƙarshe.