Kwarashi

kwarashi (sn., nj.) 1. Siririn tsinke na ƙarfe, roba ko itace, mai ƙugiya a baki, wanda ake jawo zare da shi ta cikin zarge don yin saƙa. Ana auna kaurinsa da milimita. 2. Saƙar da ake yi da tsinken, kamar hular jarirai, safa, rigar sanyi da shimfiɗar tebur. Da tsinke ɗaya ake yin ta, saɓanin saƙar kibiya mai tsinke biyu.

Koyo: Yaro kan fara da kwarashi mai kaurin milimita 4 zuwa 5 da zaren ulu mai kauri, mai hasken launi, domin ya riƙa ganin kowane ido. Da farko a nuna masa riƙon zare da ƙullin farko, ya yi ta jan sarƙa har hannunsa ya faɗa, sannan ya shiga saƙa layi-layi. Mai koyarwa ta zauna gefensa. Bahago kuwa a zauna gabansa ya kwaikwaya.

Misali: "Inna, kwarashin ya ƙi shiga." "Kin matse zaren ne, 'yata, sassauta hannu."

Duba: saƙa, ulu, kibiya.