Daga kufan Alƙalawa zuwa hanyar Isa: yadda ƙasar Gobir ke tuna mamatanta

A birnin Hiroshima na ƙasar Japan akwai gidan tarihi da aka buɗe a 1955, cikin dandalin zaman lafiya da aka shimfiɗa inda Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya ranar 6 ga Agusta, 1945. An ƙiyasta cewa mutum kusan 140,000 ne suka mutu kafin ƙarshen wannan shekara. Masu ziyara kan ga tufafin da suka ƙone da agogon da suka tsaya a ƙarfe 8:15 na safe. Sai dai zuciyar wurin ita ce kundin sunayen mamata da ke ajiye cikin akwatin dutse, wanda ake ƙara wa sunaye duk shekara.

Ƙasar Gobir ma tana da wuraren da jini ya zuba, na da da na yanzu.

Kufan Alƙalawa

Alƙalawa, a bakin gulbin Rima, ita ce babban birnin Gobir tun daga ƙarni na 18. A 1808 rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci garin, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Gobirawa suka watse. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wasunsu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Yau Alƙalawa kufai ce, labarinta kuma yana cikin littattafan malamai da kirarin sarakuna.

Sabbin raunuka

Ranar 27 ga Mayu, 2020, 'yan bindiga suka afka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa a ƙaramar hukumar Sabon Birni, suka kashe fiye da mutum 70. A farkon Disamba, 2021, aka cinna wa motar fasinja wuta kusa da Gidan Bawa, a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa. 'Yan sanda sun ce matafiya 23 ne suka rasu. A watan Agusta, 2024, Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Sama ma ba ta bar yankin ba: a Fabrairu, 2022, hukumomin jihar Maraɗi sun ce harin jirgin yaƙin Najeriya ya kashe yara bakwai a Nacade, dab da iyaka.

Abin da ake adanawa

Al'adar Musulmin yankin ba ta ɗaukaka kabari da gini. Ana sallar gawa, a binne cikin sauri, a yi zaman makoki da addu'a. Idan mamata sun yi yawa a kan haɗa su a rami ɗaya, kuma ƙauyen da aka tasa yakan bar maƙabartarsa a baya. Abin da ke isa jarida adadi ne, shi ma sau da yawa na hukuma da na mutanen gari ba sa dacewa.

Nan ne darasin Hiroshima ya shafi Gobir. Kundin sunaye ba gunki ba ne, ba kuma ginin kabari ba ne. Hakimai da limamai da masu unguwanni sun san wanda aka binne, da ranar, da iyalin da ya bari. Irin wannan rubutu ne marayu da zawarawa za su dogara da shi ranar neman diyya ko shari'a, kuma kowace shekara da ta wuce shaidu na ƙara raguwa.