Salsalar Ƙwayar Korona: Nazari Daga Gindin Gobarau

Tsakure: Maƙalar ta duba yadda karanta kundin halittar ƙwayar korona ya ba masana damar bin sawun nau'o'inta a Nijeriya, ta kuma auna rabon da Katsina da maƙwabtanta suka samu a wannan aiki.

Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ta yi wa Katsinawa aikin kiran salla, ta zama cibiyar karatu, kuma daga kanta ake hango mahara tun ba su iso ganuwa ba. Duk wanda ya saba da tsofaffin littattafan hannu na zaurukan birnin ya san wata dabara: in kwafi biyu suka yi tuntuɓen alƙalami iri ɗaya a wuri ɗaya, to daga uwa ɗaya aka kwafo su. Da wannan dabara ce masana ke gano salsalar ƙwayar korona. Kundin halittarta rubutu ne mai haruffa kusan 30,000, da baƙaƙe huɗu kacal aka tsara shi. Duk lokacin da ta kwafi kanta a jikin mutum takan yi kuskure jifa-jifa, 'ya'yanta su gaji kuskuren, jikoki su ƙara nasu. Mai karatu ya jera kundaye, sai ya ga wa ya haifi wa, da kuma hanyar da aka biyo.

A Janairun 2020 masanan ƙasar Sin suka fitar da kundin farko. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da cutar a Legas, a jikin wani ɗan Italiya. Cikin 'yan kwanaki cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a Jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da hukumar NCDC da cibiyar NIMR ta Yaba, suka karanta kundin ƙwayar. Shi ne na farko a duk Afirka.

A Arewa labarin ya sha bamban. Katsina ta san cutar ta shigo ne a Afrilun 2020, bayan rasuwar wani likita a Daura. A watan ne kuma maƙabartun Kano suka cika. Daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mamata 979, kuma rabi ko fiye na iya zama korona ce sila. Amma ta hanyar tambayar iyalai aka kai ga wannan ƙiyasi, domin an riga an yi jana'iza. Tambaya ba ta ba da kundi, don haka nau'in da ya yi wannan ɓarna ya tafi da sirrinsa ƙasa.

Inda aka ɗauki samfur kuwa, aiki ya yi kyau. A Disambar 2020 aka gano nau'in B.1.525 a Nijeriya da Ingila, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta raɗa wa suna Eta. Yana ɗauke da sauyin E484K a kan ƙayar da ƙwayar ke maƙalewa da ita, sauyin da ke taimaka mata zillewa garkuwar jiki. Nau'in Delta ya bayyana a Nijeriya a Yulin 2021 ya ture shi. Ranar 1 ga Disamba aka sanar da ɓullar nau'in Omicron a Nijeriya, kafin mako ya zagayo Birtaniya ta rufe wa matafiyan Nijeriya ƙofa, sai 15 ga watan ta buɗe. Afirka ta Kudu, wadda ta fara kwarmata nau'in, irin tukuicin da ta samu ke nan. Sai dai a lokacin manyan ɗakunan karanta kundin suna Ede, Legas, Ibadan da Abuja, kuma taswirar nau'o'i takan ɗauki kamannin wurin da aka ɗebo samfur. Hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, wadda fatake ba su daina bi ba, da ƙyar take fitowa a cikinta.

Abin lura shi ne, tun kafin 2020 an yi binciken dangin korona a ƙasar Hausa, a hancin raƙumi. Cutar MERS, 'yar uwar korona da aka gano a Saudiyya a 2012, raƙuma ne ke ɗauke da ita. A 2015 masanan Jami'ar Hong Kong da abokan aikinsu na Nijeriya suka lakato majinar raƙuma a mayankar Kano, suka samu ƙwayar. Da aka karanta kundinta, sai aka ga zuriyarta daban take da ta Larabawa, kuma gwaji ya nuna ba ta hayayyafa sosai a huhun ɗan Adam kamar waccan. Wani binciken da mujallar Lancet Infectious Diseases ta buga ya samu alamar tsohon kamuwa a jinin mahauta 18 cikin 61 masu aikin raƙuma, alamar da gwajin jini na yau da kullum bai nuna ba. Ma'ana ƙwayar tana tsallakawa jikin mutane shiru, kuma kowace tsallaka wata dama ce ta sabon kuskuren kwafi.

Arewa ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Tun 2011 ake ɗebo ruwan magudanun Kano don farautar ƙwayar shan inna. Da cutar ta sake ɓullowa a Borno a 2016, kundinta ne ya nuna jikar wadda aka gani a 2011 ce, wato ta yi shekara biyar tana yawo ba a sani ba. Ma'aikatan ɗibar samfur, akwatunan ƙanƙara da hanyoyin aikawa duk suna nan, saura na'urar karatu da masu sarrafa ta a kusa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Asibitin Koyarwa na Tarayya suna cikin Katsina, raƙuman Nijar kuma kowane mako suna sauka a kasuwar Mai'aduwa, wasunsu su wuce Kano. Majinar da aka lakato a 2015, sai da ta je Hong Kong kafin a san abin da ke cikinta.